Jan Zaren da Na Ɗaure Kekena da Shi

Shekarun baya, saura wata huɗu in ajiye aikin masinja a ƙaramar hukumarmu, na kusa yin sanadin tashin kasuwar da mahaifiyata ta tsufa a cikinta. Yau zan ba ku labarin, tunda yanzu babu mai iya korata daga aikin da na riga na bari.

Sai na fara daga farko, in ba haka ba ba za ku gane girman wautar ba.

Lokacin da aka kafa hukumar garin namu, nan gefen Abuja, ba abin da za ka nuna wa baƙo ba ce. Ɗaki biyu ne na haya a bayan tasha, rufin kwano, da bishiyar mangwaro a ƙofa. Ɗaki ɗaya na oga, ɗayan na kowa da kowa. Tebur uku, kabad ɗaya, da tafireta ɗaya wadda wata baiwar Allah 'yar Binuwai ke bugawa kamar tana jin haushinta. Idan ruwa ya sauko sai mu kwashe takardu mu ɗora kan kujera, oga ya buɗe lema a cikin ofis. Idan za a yi taro da dattawa kuwa, gindin mangwaron nan ne zauren majalisa, ni ne kuma mai korar awaki.

Ni da mahaifiyata daga wani ƙauye na arewa muka zo, bayan rasuwar mahaifina. Na yi leburanci, na yi ga-ruwa, ita kuma tana sayar da daddawa da kuka a bakin hanya. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar goba na yi shi. Ranar da na je neman aiki, tambaya biyu oga ya yi mini. Ka iya keke? Na ce na iya. Kana iya riƙe bakinka? Na ce ina iyawa. Amsa ta farko gaskiya ce.

Matsalar ita ce fayil. Aikin masinja ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ni kuwa idan rubutu ya wuce sunana sai ya koma mini jerin tururuwa. Mai tafireta ce ta gano ni tun satin farko, ta ja ni gefe. Ta ce, "Kai, kada ka wahalar da kanka. Duk fayil da ka ga an ɗaure da jan zare, babba ne, ka riƙe shi kamar jariri. Wanda babu zare ya gama aikinsa." Da wannan ilimin na yi shekara talatin da wani abu ina aikin gwamnati, kuma ban taɓa bari wani ya sake gano ni ba.

A gindin mangwaron nan aka ba da filin kasuwa. Dattawan Gbagyi, masu garin na asali, su suka ce matan da ke zube a bakin hanya su shigo ciki kafin mota ta kwashe su. Safiyo ya zo ya zana taswirar filin a wata babbar takarda mai kauri, bayanta yadi. Sarkin garin ya sa hannu, oga ya buga hatimi, dattawa da manyan matan kasuwa suka dangwala yatsa a ƙasa. Ni na riƙe musu tawada. Da aka zo kan mahaifiyata ta dangwala, oga ya leƙa ya ce ta sake, wai akwai farin layi a tsakiya. Ta miƙa masa babban yatsanta ta nuna masa tabon wuƙa, ta ce ko sau goma ta sake haka zai fito. Aka bar shi. Aka naɗe takardar, aka sa a fayil, aka ɗaure da jan zare, na kai ta can ƙasan kabad da hannuna.

To ga inda shaiɗan ya shigo, ko in ce inda na shigo, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Keken ofis kariyarsa ta baya, inda ake ɗora kaya, kullum kwancewa take yi. Jan zaren gwamnati kuwa Allah ya yi masa ƙarfi, ba ya tsinkewa. Wata rana na matsu, na duƙa ƙasan kabad inda fayilolin da ba a tambaya suke, na zare ɗaya na ɗaure kariya, ina cewa gobe zan mayar. Goben ba ta zo ba. Birki ya saki, na zare wani. Takalmina ya tsinke, na zare wani. Har mazagin wando na taɓa yi da shi, kuma ya daɗe.

Ana nan gari ya yi ta cika. Duk lokacin da aka yi rusau a cikin Abuja, sai mu ga motoci ɗauke da katifu da kwanukan rufi suna sauke mutane a wajenmu. Ɗaki biyu suka zama shida. Aka daina turo mana oga daga sama, aka fara zaɓen ciyaman da kansiloli. Aka raba gari mazaɓa-mazaɓa. Aka buɗe sashen lafiya, sashen ayyuka, sashen ilimi, kowanne da nasa oga, kowane oga da tasa ƙararrawar kiran masinja. Mai tafireta ta yi ritaya ta koma gida. Daga ƙarshe aka gina sabuwar sakatariya mai bene, da zaure na gaske, da kujeru masu juyawa.

Ranar ƙaura sakataren lokacin ya tsaya a ƙofa yana sauri. Ya ce mini, "Masu zare a mota, marasa zare a ƙona."

Mu masinjoji ba ma ƙona takarda. Duk wanda ya yi aikin ya san haka. Tsohuwar takarda ta mai ƙosai ce, ta mai tsire ce, ta mai shayi ce. Ni nawa mutumin abokina ne mai shayi, Kirista ɗan Filato, wanda shagonsa na katako ke gaban tsohon ofis. Mun shaƙu ƙwarai, har ni na raka shi neman aure, na zauna ina gyaɗa kai ba na jin ko kalma ɗaya. Na cika masa buhu uku na tura masa a baro. Ranar har ƙwai ya soya mini. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa rabin marasa zaren nan ni na tuɓe su.

Shekaru suka wuce, sama da goma. Na yi furfura, yaran ofis suka koma kirana Baba. Sai ga wata safiya an wayi gari da jan fenti a jikin rumfunan kasuwa. Wani mai hali ya zo da takarda, ita ma da hatiminta, yana cewa filin nasa ne, zai gina rukunin shaguna. Ban san inda ya samo ta ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da aka ce shi ne, wani kwamiti zai zo daga cikin gari ya zauna a zaurenmu nan da kwana tara, kowa ya kawo takardarsa. Wadda ta riga ita ce da fili. Idan hukuma ba ta kawo komai ba, mata su kwashe kayansu.

Sakataren wannan lokacin yaro ne sa'an ɗana, mai ladabi. Ya kira ni ofishinsa, har ya ba ni kujera, abin da ya kamata ya sa in tsargu.

Ya ce, "Baba, kai ne tarihin hukumar nan. Ka tuna takardar kasuwa?"

Na gyara hula na ce, "Ƙwarai, yallaɓai. Ni na riƙe tawada."

"Alhamdu lillahi. Tana ina?"

"Tana cikin masu jan zare."

Ina rufe baki sai keken nan ya zo mini a ido, da kariyarsa, da ƙullin ja a jikinta. Sai ƙasan kabad. Sai buhu uku a baro. Na yamutsa fuska. Sakatare ya tambaye ni ko lafiya, na ce wake na ci.

Kwana uku na yi a sito ina neman abin da na san babu shi. Ina buɗe fayil, ina rufewa, ina tsaki don masu wucewa su ji. Wata ma'aikaciyar kwamfuta ta leƙo ta ce, "Baba, na duba, ba ta cikin sistem." Na ce mata, 'yata, lokacin da aka yi takardar nan ko kakan sistem ba a haifa ba. Ta yi dariya. Ni kuwa zufa har cikin takalmi. Abinci ya daina shiga. Idan aka buga ƙararrawa sai in zabura, in ce shi ke nan an gano. Ina lissafa abin a raina: idan na yi shiru, za a ce takarda ta ɓace a ƙaura, kamar yadda abubuwa ke ɓacewa, ni in tafi gida da fanshona lafiya lau. Idan na yi magana, ana iya sallamata hannu wofi ana saura wata huɗu. Shirun ya fi daɗi a baki. Sai dai duk inda na juya jan fentin nan nake gani.

Rana ta huɗu da la'asar na bi ta kasuwa. Mahaifiyata ta tsufa sosai, amma ba ta yarda ta zauna a gida ba, kullum tana kan kujerarta 'yar tsugunne da faifan daddawa a gabanta. Rumfarta ma an shafa mata fentin. Mata suna hango ni suka taso. Masu doya, masu manja, masu kayan miya, kowa da irin Hausarta.

"Ga ɗan ofis ya zo."

"Baba, an ce takardan yana hannunka ko?"

"Mama ta ce kai ka ajiye shi da kanka, mu hankalinmu a kwance."

Wata ta ce sun sa ni a addu'a a coci, wata ta ce an yi mini a masallaci. Na yi ta cewa amin kamar wanda ake karanta wa hukunci.

Mahaifiyata ta jira sai da suka watse. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai wannan, zauna."

Na zauna.

"Tun ɗazu kake sosa bayan kunne. Tun kana ƙarami, idan ka yi mini ɓarna haka kake yi."

Ni da furfurata, da jikokina, na sunkuyar da kai na faɗa mata duka. Ta daɗe tana jera daddawa a faifai, tana rushewa, tana sake jerawa. Can ta ce, "Zaren nan ja da ka taɓa ɗaure mini bakin buhun kuka da shi, cikinsu ne?"

Na ce, "Cikinsu ne, Inna."

Ta ce, "To ashe har da ni aka ci." Ta ture faifan gefe. "Tashi ka nemo mutumin. Idan ba ka samu ba, ka dawo nan ka faɗa wa matan nan da bakinka. Ba ni zan faɗa maka ba."

Neman abokina ma aiki ne. Rusau ya daɗe da cinye layin shagunansu, ya bar garin, muka rabu ba don faɗa ba. Na je cocinsu aka ce Gwagwalada ya koma. Na wuni a tashar Gwagwalada ina leƙa fuskar kowane mai shayi, har wani ya tambaye ni ko ɗan sandan ciki ne. Washegari wani direba ya ce ya san shi, yana Kado kusa da kasuwar kifi, matarsa na bandar kifi. Ranar Talata na isa, kwamiti kuma Alhamis.

Na same shi yana juya shayi daga kofi zuwa kofi kamar jiya muka rabu. Ya dube ni, ya sake dubawa.

"Masinja? Kai ne ka tsufa haka? Waye ya ci maka haƙori?"

Na ce, "Gwamnati." Muka rungume juna. Ban bari ya gama tambayar iyali ba na ce, "Mutumina, buhun takardun nan uku da na kawo maka ranar ƙaura."

Ya kwashe da dariya. "Haba Masinja. Shekara nawa? Burodi ya tafi da shi tuntuni. Ko wata biyu bai yi ba."

Na san haka zai ce. Tun daga gida na sani. Duk da haka na zube a benci. Ya ga fuskata, ya daina dariya, ya tura mini kofi. Na ba shi labari. Na ce akwai wata babba a ciki, mai kauri, bayanta yadi. Ya girgiza kai, sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa daga wajen banda. Ta fito tana goge hannu a zani, muka gaisa, ya maimaita mata.

Ta ce, "Wanda ya ƙi naɗe burodi? Mai taurin nan?"

Na miƙe tsaye.

"Na manna shi a ƙofan shago. Katakon yana da rami, ruwa yana shigowa yana jiƙa mana sukari. Na dama sitaci na manna."

Na ce, "Madam, shagon ai an rushe."

Ta ce, "An rushe. Ƙofan da tukunyan shayi kawai muka tsira da shi." Ta nuna bayanta da haɓa. "Ga shi can."

Wata 'yar rumfa ce ta kwano inda take ajiye bandar kifi. Ƙofar ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na buɗe, na leƙa bayanta. Babu taswira. Kalandar coci ce. Na juyo zan yi kuka, sai ta ce in tsaya, duk shekara sabuwa take mannawa a kan tsohuwa, ba ta taɓa cire ko ɗaya ba.

Abokina ya ɗauko butar shayi tana tafasa. Yana kara tururi, ni ina bi da bayan wuƙa a hankali. Kalanda ta fita, wata na ƙasa. Ta fita, wata na ƙasa. Madam tana karɓa tana jerawa, tana cewa wannan shekarar ce aka yi wa autarsu baftisma, wannan ce surukarta ta rasu. Ni kuwa idona na kan wuƙa. Masu sayen kifi suka taru suna kallon tsofaffi biyu suna yi wa ƙofa turare. Da muka ɗaga ta ƙarshe sai ga gefen hatimi.

Ban iya karatu ba, amma na san lanƙwasar rafin da ke bayan kasuwa, ga ta a zane. Na gangara da ido ƙasa inda yatsu suke a jere. Na uku daga dama, ga farin layi a tsakiya. Kalandun nan su suka tare mata hayaƙi duk shekarun nan.

Na sa wuƙa zan ɗaga kusurwa, sai ta yage kamar faɗin farce. Na janye hannu kamar na taɓa wuta. Sitacin madam ya fi siminti. Abokina ya ce babu dabara, sai dai a tafi da ƙofar gaba ɗaya.

Madam ta ce, "Oga masinja, kifi ne a ɗakin nan, kuma unguwan nan akwai kyanwa mai ƙafa biyu. Ka kawo ƙofa, ka ɗauki ƙofa."

Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da Annabi Isa, ta ce duk ta yarda da su, amma a kawo ƙofa. Laraba da safe na sa sukuddireba na kwance ƙofar ɗakina. Matata ta tsaya riƙe da ludayi tana kallona. Ta ce, "Malam, yau kuma me ka yi?" Na ce aikin gwamnati ne. Ta ce gwamnatin ta zo ta rataya mata tabarma. Na kai ƙofar Kado, ta fi ramin girma, kafinta ya ce sai ya rage, kuma yana da wani aikin a gabansa. Bai gama ba sai safiyar Alhamis.

Muka ɗora ƙofar kifi a a-kori-kura, ni da abokina muna riƙe da ita a baya. Madam ta cusa masa kalandunta a leda ta ce ya kai wa ƙanwarta da ke garinmu ta ajiye mata, kada yara su yi wasa da su. Hanya ta cushe. Agogo na tafiya, mota ba ta tafiya. A cikin cunkoson nan na shirya ƙaryata tsaf: zan ce na ga gara ta shiga kabad, shi ya sa na kai wa amintacce ajiya. Na gwada ta a kan abokina har sau biyu. Ya ce, "Masinja, wannan ƙaryan ko get ba zai wuce ba."

A get ɗin sakatariya mai gadi ya nuna mana bayan gini, wai sashen gyara na can. Na ce ya matsa. Muka hau bene da ƙofa a ka, muna haki. An riga an fara. Lauyan mai hali yana tsaye yana cewa tunda hukuma ba ta kawo komai ba, a rubuta haka. Matan kasuwa sun cika bayan zaure, mahaifiyata a gabansu an ba ta kujera. Warin kifi ya riga mu shiga, kowa ya juyo.

Ciyaman ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

Na ce, "Takardar kasuwa ce, ranka ya daɗe."

Muka jingine ta a babban tebur. Shugaban kwamiti ya sa tabarau ya duƙa, ya daɗe yana bin ta da yatsa. Lauyan ma ya matso ya duba, ya toshe hanci da hankici, sannan ya yi murmushin da ban so ba. Ya ce yana da tambaya ɗaya. Ta yaya takardar gwamnati ta je jikin ƙofar rumfar kifi? Wa zai tabbatar ba makon jiya aka zana ta aka shafa mata hayaƙi ba?

Kowa ya dube ni. Ƙaryata tana bakina, a shirye. Amma ko ni da aji uku na gane cewa idan na ce ajiya na kai, tambaya ta gaba ita ce wane mahaukaci ne ke ajiya da sitaci, kuma daga nan takardar ta mutu tare da ƙaryar. Na ji hannuna ya tafi bayan kunne. Na hango mahaifiyata tana kallon hannun. Na sauke shi.

Na faɗi komai. Jan zare, ƙasan kabad, kariyar keke, buhu uku, ƙwan da aka soya mini. Na faɗi abin da na shekara talatin ina ɓoyewa, cewa ban iya karanta abin da nake ɗauka ba, zare kawai nake dubawa. Da na zo kan mazagin wando wani kansila ya kasa daurewa ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Sakatare bai yi dariya ba. Ya rufe fuska da hannu biyu.

Abokina ya buɗe ledar madam ya fara jera kalandu a tebur, shekara na bin shekara, kowacce da tabon sitaci a bayanta da shatar wadda ta kwanta a kai. Shugaban kwamiti ya ɗauki ta ƙarshe ya kara a jikin ƙofar, ta zauna daidai. Ya tambaya ko cikin masu yatsun nan akwai mai rai. Sarki ya rasu, dattawa sun rasu, oga na farko ya rasu. Sai mahaifiyata ta dafa sandarta ta miƙe.

Aka aika a kawo tawada. Da aka kawo, ba a san wa za a miƙa wa ba, sai ta ce, "Ku ba wancan, aikinsa ne." Na riƙe mata a karkace har tawadar na neman zubewa. Ta ce in tsaya da kyau, ba a kan keke nake ba. Ta dangwala a farar takarda. Aka kara kusa da na uku daga dama. Farin layin nan guda ne, sai dai yatsan ya ɗan tsuke.

Ba a ranar aka gama ba, kada in yi muku ƙarya bayan na tuba. An ɗauki ƙofar zuwa cikin gari, aka yi watanni ana bincike. Amma ba a sake zuwa da fenti ba, kuma daga baya takarda ta fito cewa filin na kasuwa ne. Ni kuwa sati na zagayowa aka ba ni kweri, wato takardar tuhuma. Na kai wa ma'aikaciyar kwamfutar nan na ce ta karanta mini, karo na farko a rayuwata da na roƙi wani a ofis ya karanta mini abu. Ta karanta, ta tambaye ni me za a amsa. Na ce ta rubuta: na yi, ba zan ƙara ba, kuma saura kaɗan in tafi. Ta gyara shi ya zama Turanci mai tsawo. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka bar mini fanshona. Ƙofar ɗakina kuwa har yau tana Kado tana gadin kifi. Tabarmar ta daɗe a rataye kafin in samu wata ƙofar, kuma matata ba ta bari na manta ba.

Yanzu hukumar ta ƙara girma. An yi wani benen, an sa na'urar da ake danna yatsa da safe, masinjoji ma da difloma suke zuwa. Da aka dawo da ƙofar sai aka kafa ta a bangon zaure, aka rufe da gilashi. Kansiloli na nuna wa baƙi ita, suna ba da tarihin yadda aka fara daga gindin mangwaro. Na lura ba sa kawo maganar keke.

Idan na zauna ina tunani, ba zaren ne ke ba ni kunya ba. Abin da ke ba ni kunya shi ne shekara talatin ina ɗauke da rayuwar mutane a hammata, filinsu, asibitinsu, makarantar 'ya'yansu, ban taɓa tsayar da wani na ce me aka rubuta a nan ba, don kada a ce Baba bai iya ba. Tambaya ɗaya ranar ƙaura da ta isa. Har yau tsoron bai gama sakina ba. Idan na sayi ƙosai, sai na juye shi a hannu na miƙa wa na kusa da ni takardar ya duba mini kafin in ci. Mai ƙosan unguwarmu ta ɗauka taɓuwa ce ta tsufa.

Mahaifiyata ta rasu shekara biyu bayan haka, Allah ya jiƙanta. Sai da ta yi ciniki ranar da ta kwanta ciwo, a rumfarta, a filinta. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba, ba ta yarda da hoto. Idan kewarta ta dame ni, sai in sa hulata in tafi sakatariya. Masu gadin yanzu ba su san ni ba, sukan tambaye ni wurin wa na zo. Nakan ce wurin mahaifiyata. Su dube ni, su dubi juna, su bar ni in hau. In tsaya gaban gilashin, in ƙirga uku daga dama, in ɗora babban yatsana a kai. Har yanzu, idan ka matsa sosai, ana jin ɗan warin kifi.